Waiwaye: Kujerar Haya a Birni, Gefen Tebur a Gwarzo

Kwanan baya ina kakkaɓe wata tsohuwar jaka sai ga rasit ya faɗo, na kuɗin hayar kujera da na biya a Kano a shekarar 2022. Kujera fa na ce, ba ɗaki ba, ba shago ba. Kujera ɗaya da gefen tebur da wurin soka caja, na tsawon wata guda. Na miƙa wa kawuna, tela ne da ya haura shekara talatin a kan keke. Ya ɗora tabarau, ya duba, ya juya bayan takardar ko akwai ƙarin bayani, sannan ya ɗago ya ce, "To ita kujerar, da watan ya ƙare, ka taho da ita?" Yaran shago suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma tawa ta yaƙe ce.

Asalin gidanmu a ƙasar Kabo yake, amma a Gwarzo na girma, a hannun wannan kawun nawa. Sana'ata fassara ce da tsara shafukan littattafai a kwamfuta. Aikin ya kankama ne a lokacin kullen korona, a watan Afrilun 2020, sa'ad da ƙungiyoyi suka shiga neman wanda zai mayar musu da sanarwar wanke hannu da ta sanya takunkumi zuwa Hausa. Mai irin wannan aiki abu uku yake buƙata, wuta da sabis da inda zai zauna, kuma a wancan lokacin babu ko ɗaya da nake da tabbacinsa. Wuta takan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Sabis kuwa, akwai wani dakali a bayan gidanmu da in ka tsaya a kansa ka ɗaga waya sama saƙo yake tafiya, in ka sauko ya maƙale. Na sha tura aikin mutane ina tsaye a kan dakalin nan da tsakar dare, karnukan unguwa suna ta yi mini haushi.

Don haka bayan kaka ta 2021 na ɗaure kayana na hau motar Kano. Duk ɗan yammacin jihar nan ya san hanyar kamar tafin hannunsa: ka baro Gwarzo, ka ratsa ƙasar Kabo, ka wuce Rimin Gado da Janguza da sabuwar Jami'ar Bayero, sai Rijiyar Zaki, sai ga ka a Kabuga. Tafiyar ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba. Mu mutanen wannan hanya Kabuga ce ƙofar birninmu, a zahiri da kuma a baɗini, don nan ne Ƙofar Kabuga take, ɗaya daga tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, kuma a unguwannin da suka kewaye ta ne yawancinmu muke fara ajiye jaka. Ba cikin birni ba ne sosai, ba kuma waje ba ne. Ɗalibai da ƙananan ma'aikata da 'yan tireda da baƙi irina, duk a nan muke cakuɗe.

Dillali ya zagaya da ni gida biyar kafin na samu ɗaki a wani lungu. Ya karɓi la'adarsa, mai gida ya karɓi hayar shekara cif, ya nuna mini ƙwan fitila a rufi ya ce, "Layinmu mai kyau ne, ba a cika ɗaukewa ba." Da ya ce ba a cika kawowa ba, da ya fi kusa da gaskiya. A gidan mu tara ne masu haya, banɗaki biyu. Da asuba layi, da hantsi layi. Ruwa sai 'yan garuwa sun turo kurarsu, ka sayi jarka biyu ka yi ta tattali kamar man shafawa. Wannan ne ya fara ba ni mamaki, ni da na taso ina jan guga a rijiyar gida: a birni ruwan alwala ma lissafinsa ake yi. Ga injin markaɗe a jikin katangarmu da yake tashi tun kafin rana ta fito, ga makarantar Islamiyya a gaba, ga mai gyaran janareta da ba ya yarda ya gama gyara sai ya gwada injin na rabin awa. Unguwar tana da daɗin zama, ban musa ba. Mai shayinmu ya san yadda nake son haɗina tun a mako na biyu, mai ɗanwake takan ajiye mini nawa ko na makara, kuma ba a taɓa barina na yi buɗa-baki ni kaɗai ba. Amma ɗakin da rana, musamman a watan Afrilu, tanda ne. Kwamfuta takan yi zafi har ta kashe kanta, ni ma in bi ta.

Sai na shiga yawon neman wurin aiki. Na fara da shagunan buga takardu na kusa da tsohuwar jami'a, inda za ka biya kuɗin caji a ba ka benci. A nan ba ka minti goma sai wani ɗalibi ya leƙo kafaɗarka ya ce, "Malam, kai ne mai buga furojet?" Na koma ɗakin karatu na Murtala Muhammad, wurin da har gobe nake ganin girmansa, shiru kamar masallaci bayan Isha'i, sai dai aikina yana da yawan amsa waya, kuma ba a yi ɗakin karatu don mai surutu ba. Na gwada wani gidan abinci mai sanyi, na ga ba zan iya sayen lemon kwalba uku kullum don kunyar ma'aikata ba. Daga nan ne wani aboki ya yi mini kwatancen ofishin haɗaka.

Ga wanda bai san shi ba, babban ɗaki ne da aka jera tebura, aka sa wuta mai ɗorewa da intanet da na'urar sanyaya ɗaki, kowa ya zo da kwamfutarsa ya biya kuɗin yini ko na wata. An ce a birnin San Faransisko na Amurka aka raɗa wa tsarin suna a wajen 2005. A Nijeriya wanda ya fi shahara shi ne CcHub na unguwar Yaba a Legas, wanda mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarta a watan Agustan 2016, ziyarar da ta sa matasa da yawa a Arewa suka fara tambayar ina namu. Kano ma ta samu nata, irin su Startup Kano da Blue Sapphire Hub, kuma sun koya wa yara da yawa sana'ar zamani. Wanda ni na zauna ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne, wani ƙarami ne a can gabashin gari, kuma sunansa ba shi da amfani a wannan labari.

Ranar farko na ji kamar an ɗauke ni daga wuta an sa ni a aljanna. Sanyi, tsabta, intanet kamar walƙiya. Aikin da yake cin mini kwana uku na gama shi kafin La'asar. Na biya kuɗin wata ba tare da na yi ciniki ba, rasit ɗin nan da Kawu yake yi wa dariya.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne hanya. Daga Kabuga zuwa can sai na hau A Daidaita Sahu biyu, tun da an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun watan Janairun 2013. Biyu a tafiya, biyu a dawowa, ga cunkoso, ga abincin rana da dole a can za ka saya, a farashin mutanen can. Wannan duk kuɗi ne, kuma ana iya jure shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai wani abu ne daban, kuma sai da na yi makonni kafin na gane shi.

Wata rana aka kira Azahar. Na miƙe zan tafi masallaci, sai na tsinci kaina ina naɗe caja, ina rufe kwamfuta, ina cusa ta a jaka, ina ratayawa a baya. Na waiwaya, sai na ga na kusa da ni ma abin da yake yi ke nan. Muka jera a sahu kowa da jakarsa a gabansa, ana sujada ana taɓa ta da goshi. Mutumin nan mun yi wata biyu gwiwarmu tana gugar juna a ƙarƙashin tebur ɗaya. Ban san sunan mahaifinsa ba, ban san unguwarsu ba, ban san aikin da yake yi ba, don kullum kunnuwansa a toshe suke da abin sauraro, nawa ma haka. Ba wanda ya taɓa satar ko biro a wurin, kada a fahimce ni a karkace. Amma babu wanda zan iya ce wa, "Ɗan duba mini, ina zuwa." Kuɗina ya saya mini wuta da sanyi da kujera. Maƙwabci ne ba ya cikin abin da aka rubuta a rasit.

Na ci gaba da zuwa duk da haka, wata in biya, wata in kasa, har ranar 29 ga Mayun 2023 da sabon shugaban ƙasa ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. 'Yan sahu suka ninka kuɗin mota, masu ofishin suka ƙara kuɗin kujera don su ma da mai injinsu yake tashi, 'yan garuwa suka ƙara, mai gida ya aiko da saƙon cewa za mu zauna. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata na yi tun shekara biyu baya, sai na ga kusan duk abin da nake samu yana ƙarewa ne a kan neman wurin da zan zauna in same shi. Ban yi mamaki ba da na ji a watan Nuwamban wannan shekarar cewa WeWork, babban kamfanin Amurka na harkar hayar kujeru, wanda aka taɓa yi wa kuɗi dala biliyan 47, ya je kotu ya ce ya karye. In manyan ma abin ya gagare su, wane ni.

Da Babbar Sallah ta matso, a ƙarshen watan Yuni, na tafi gida da niyyar yin mako guda. Na tarar da shagon Kawu ya sauya. Su huɗu ne masu keke a ciki, kuma tun kafin tsadar mai suka yi adashi suka ɗora farantan sola a kan rufi, da batira biyu da inbata a ƙarƙashin teburin yanka. Fanka tana juyawa, fitilu a kunne, keken aiki yana ta ruri da tsakar rana ba tare da ƙarar janareta ba. Sabis ma ya gyaru a garin, ba sai an hau dakali ba. Ina da wani aiki da ya kamata na miƙa kafin Sallah, sai na ce, "Kawu, ko zan ɗan soka caja?" Bai ko ɗago ba, ya ture tarin yadi da gwiwar hannu daga ƙarshen tebur ya ce, "Ga wuri nan. Kada dai ka ɗora mini kofin shayi a kan shaddar mutane."

Mako guda ya zama wata. Da na ga abin zai ɗore sai na ce a yanka mini abin da zan riƙa biya. A nan ne na fahimci cewa abin da na je Kano nema, na biya shi da tsada da sunan sabon abu, shi ne tsarin da shagon nan yake kai tun ina yaro ina tsince musu ƙyalle. Shagon na Kawu ne, amma kowane tela da kekensa da masu kawo masa ɗinki da aljihunsa. Abin da suka haɗa shi ne rufi da wuta da dutsen guga da teburin yanka. Ƙarshen wata a raba kuɗin haya da na gyara. Aka sa ni a matsayin keke na biyar.

Kuma ba teloli kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa shiga mabuga ya ga mutum shida ko takwas a jere a gaban gungume ɗaya, kowa da shaddar da aka kawo masa, suna sauke mabugi a tare kamar masu kiɗa. Karofin Ƙofar Mata, da ake cewa tun 1498 yake, fili ɗaya ne mai ramuka da yawa, kowane marini da nasa. Haka maƙera take, haka rumfar dukawa, haka kasuwar Kurmi da aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Bahaushe mai sana'a bai saba kulle kansa a ɗaki shi kaɗai ba. Bambancin kawai shi ne a waɗannan wurare ba kuɗi ne yake fara shigar da kai ba, sani ne. Sai an san ɗan gidan wane ne kai, wa ya kawo ka, wa za a kama in ka yi ba daidai ba. Da na ɗauki wannan a matsayin ƙauyanci da sa ido. Yanzu na gane shi ne abin da yake sa in bar kwamfutata a buɗe da wayata a kan tebur in tafi jana'iza a Getso, in dawo bayan Magariba in tarar an lulluɓe mini su da ƙyalle saboda ƙura.

Shagon yana da dokokinsa, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta su. Wanda ya riga zuwa shi ke shara. Ba a soka dutsen guga na lantarki a sola, na gawayi yana nan a bakin ƙofa. In hadari ya rufe rana kwana biyu, keken aiki ne gaba, kwamfuta ta jira, don shi ya sayi batiran. Rediyo ba a kashe shi sai in ana sallah. Amma ran da wata mata daga wata ƙungiya a Abuja ta kira ni ta bidiyo, ina cewa "Kawu, baƙi," sai ya ɗaga hannu, kekuna huɗu suka tsaya cak, yaron da ke guga ya daskare da dutse a sama. Minti ashirin ba wanda ya yi tari. Da na ajiye waya sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Yaya, wannan Turancin duk nawa za su biya?" Na faɗa. Ya ce, "Ashe gara ɗinkin."

Ba zan ce komai zuma ba ne. Zare da burbushin yadi sun taɓa toshe fankar kwamfutata har sai da na kai ta kasuwar Farm Centre aka buɗe aka hure. Sirri babu shi: duk wanda ya shigo gwajin riga sai ya karanta abin da ke kan allona, wani har da gyara mini Hausa, kuma abin haushin wani lokaci shi ke da gaskiya. Ga aikin Allah-ya-ba-da-lada. Wannan a cike masa fom ɗin ɗansa, wancan a rubuta masa takardar koke, waccan a duba mata ko sunanta ya fito a tallafi, kuma ba ka isa ka ce a biya ba, don wanda ya aiko ta shi ya yi maka huɗuba. Sai dai daga cikin irin waɗannan ne aikin kuɗi ya riƙa fitowa, wanda ban taɓa samun irinsa a ofishin sanyi ba: takardun jarrabawar makarantun Islamiyya, katin ɗaurin aure, kalandar ƙungiyar manoma, da ayyukan ɗaliban kwalejin tarayya da aka buɗe a Kabo. Mai kawo ɗinki ya ga ana buga takarda, gobe ya dawo da tasa.

Akwai kuma wani gefen da bai kamata in tsallake ba. Ƙanwata, 'yar Kawu, ta fi ni saurin hannu a kwamfuta, amma ba za ta iya zama a shagon maza a bakin titi ba, ko da na mahaifinta ne. Tsarin nan da nake yabo ƙofarsa a buɗe take ga ɗan gida namiji, a rufe ga mace, a rufe kuma ga baƙon da ba shi da mai tsaya masa. A nan ofishin haɗaka na birni ya fi mu adalci, don shi bai tambayi ɗan wa kake ba, kuma na ga 'yan mata da yawa a can suna aikinsu cikin mutunci. Ita dai ta samo tata hanyar. Matan gidanmu dama a tsakar gida ɗaya suke ɗinkin hula da suyar awara da ƙullin ƙuli-ƙuli, kowa da jarinta. Sai ta ja waya daga ƙaramin farantin sola ta kafa teburinta a cikinsu, yanzu su uku ne masu kwamfuta a rumfar, har da wata matar aure daga maƙwabta.

A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace aka yi kwanaki jihohinmu suna cikin duhu, fetur kuma ya haura naira 1,000, abokin nan da ya yi mini kwatancen ofishin haɗaka ya kira ni. Ya ce a unguwarsu cajin waya ma sai da layi, kuma yana da aikin da zai miƙa jibi. Na ce ya je Rijiyar Zaki ya hau motar Gwarzo. Ya iso da La'asar, jaka a baya, ya tsaya a bakin shago yana kallon wayoyi kusan talatin da maƙwabta suka jera a kan tabarma suna shan caji.

Na ce, "Kawu, ga abokina daga birni, yana neman wurin zama na kwana biyu."

Kawu ya dube shi ta saman tabarau, almakashi a hannu. "Ɗan gidan wa ne?"

"Ɗan Gwale ne, Kawu. Tare muka yi zaman Kabuga. Ni na san shi."

"To, kai ka san shi." Ya ture yadi daga ɗaya ƙarshen teburin. "Samari, bismilla. Ka ci abinci kuwa?"

Da aka kira Magariba abokina ya miƙe ya fara naɗe caja. Ƙaramin yaron shago ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Yaya, tafiya zai yi?"